Takardar Ƙosai

Ranar Talata, a bakin Kwangila,
na tsaya sayen ƙosai wajen Iya Delu,
na ɗari biyu, da yaji a gefe.
Ta yago takarda, ta naɗe, ta miƙo.
Mai ya ratsa ta har ana hangen yatsuna,
sai ga rubutun hannuna yana kallona.

Suna: Hambali.
Shekaru: goma sha huɗu.
Unguwa: Gyallesu, bayan gidan mai niƙa.
Laifi: yaji ya rufe rabin layin,
amma ba sai na karanta ba.
Ni na rubuta, da shuɗin biro mai zuba,
ran da aka kawo shi kan batirin janareta,
silifa ɗaya a ƙafa, ɗayan ya faɗi a hanya.

Shekara goma sha bakwai ina riƙe da makullin kabad
a ofishin da yara ke shiga kai a sunkuye.
Su zauna a benci, ni in yi tambaya:
Wa ya haife ka? Yana raye?
Me kake sha, tun yaushe?
Wa ke dukanka in dare ya yi?
Abin da yaro bai gaya wa uwarsa ba
ni yake gaya wa, don na ce masa amana ce.
Hambali ya ce yana fitsarin kwance.
A hankali ya faɗa, yana kallon fanka.
Wannan ma na rubuta. Ga shi a layi na tara,
daidai inda ƙosai na uku ya kwanta.

Ashe da aka zo gyaran rufi da damina,
aka jibge kwalaye a baranda,
wani ya ga takarda, ya ga sikeli, ya ga cefane.
Ban tsine masa ba.
Ni ce na tafi suna Soba
na bar makulli a aljihun tebur.

Na ce, Iya, nawa kika sayi tarin nan?
Ta ce, Malama Rakiya, ke ma suya za ki fara?
Na biya ta ninki, na ɗure a buhu,
mai keke yana ta mita kan nauyi.
Amma kwana shida ta yi tana naɗi.
Yara nawa aka sha koko da su a Samaru?
Nawa ruwa ya kwasa ya zuba a Kubanni?

Hambali yanzu walda yake a Muciya,
ya tsayar da gemu, yara biyu na koyo a hannunsa.
Watan jiya wani Alhaji ya shigo da ƙamshin turare,
zai ba shi aikin ƙofofin makaranta:
"Na ji ƙishin-ƙishin, a duba mini littafi."
Na ce, littafin nan ba rijiyar unguwa ba ne
da kowa zai zo ya zura guga.
Je ka ga ƙofar da ya ƙera, ka girgiza ta.
Na yi alfahari da bakina ranar,
ban san kwalayen sun riga ni fita ba.

Yanzu an kawo mana kwamfuta,
wai kalmar sirri ta fi kwaɗo.
Wanda ya haɗa ta ya rubuta kalmar a 'yar takarda
ya manna mata a goshi, don kada mu manta.
Na ɓanɓare.

Jiya shugaba ta sa hannu,
na hura wuta a bayan ofis.
Waɗanda wa'adinsu ya cika ina jefawa ɗai-ɗai,
fuskarsu a kife, don ko ni kada in sake gani.
Hayaƙin yana warin mai.

Ta Hambali tana jakata, a ninke huɗu.
Haƙƙinsa ne ya san inda sirrinsa ya kwana.
Gobe zan je Muciya,
zan jira ya kashe injin, ya cire baƙin tabarau,
ya ce, Mama, lafiya?
Daga nan ne ban san me zan ce ba.